Ruwan Rafi da Ruwan Kofi

A Bauchin da na tashi a cikinta, damina ce ke yanka wa ikilisiyarmu ranar baftisma, ba fasto ba. Mu masu nutsarwa ne, sai an dulmiya mutum gaba ɗayansa, daga tafin ƙafa har tsakar ka, sannan mu yarda an yi masa baftisma. Ruwan da zai shanye ƙato kuwa ba kullum ake samunsa a garin da duwatsu suka kewaye ba. A watan Agusta rafin da ke bayan unguwarmu ta Yelwa, can ta hanyar Dass, yakan cika ya yi jawur, ya kwaso itace da shara, ba mai hankalin da zai shiga cikinsa da 'ya'yan mutane. In kuma aka yi sake har aka ci Kirsimeti, sai a tarar da yashi da 'yan kududdufai, ga hunturu yana tsaga leɓe. Don haka ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ake hari, ruwa ya kwanta amma bai janye ba. Shekarar da ruwan sama ya ɗauke da wuri, samarin ikilisiya kan yini suna tare rafin da buhunan yashi don ya kai wa fasto ƙugu.

Ga mai karatun da ba Kirista ba, baftisma ita ce ƙofar zama cikakken ɗan ikilisiya. Da ruwa ake yin ta, a ambaci Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma sau ɗaya ake yi wa mutum a rayuwarsa. Wannan kusan kowa ya yarda da shi. Inda aka raba hanya shi ne wa za a yi wa, jariri ko wanda ya mallaki hankalinsa, da kuma yawan ruwan da ya isa.

Ba karatu ne ya raba yawancinmu ba, gado ne. Turawan mulki sun taka wa 'yan mishan birki a garuruwan sarakunan Musulmi, sai bishara ta fara kama ƙasa a kan duwatsu da ƙauyuka, kowace ƙabila da mishan ɗin da ya riga isa gare ta. Da jirgin ƙasa ya iso Bauchi a farkon shekarun 1960, da kuma garin ya zama hedkwatar jiha a 1976, aiki ya kwaso mutanen nan ya zuba su a unguwa ɗaya, kowa da baftismar ƙauyensu. Tangale na Kaltungo da Billiri 'ya'yan mishan ɗin SIM ne, wanda ya haifi ECWA a 1954. Sayawa na Bogoro da Tafawa Ɓalewa da Angasawa daga Filato yawancinsu 'yan COCIN ne, wadda ta fito daga mishan ɗin SUM da Karl Kumm ya kawo Wase a 1904. Tsofaffinmu ba su daina ce mata EKAN ba. Waɗannan biyun nutsarwa suke yi, jariri kuwa miƙa shi kawai ake yi a yi masa addu'a, ba ruwa. Bachama na Numan, waɗanda mutanen Denmak suka je wa a 1913, jariransu suke kai wa fasto, haka 'yan Angalikan na majami'ar St. Paul da 'yan Katolika na St. John, waɗanda muke ce wa 'yan Fada.

Waɗanda suka fi ba mu nishaɗi su ne Bura da Margi na EYN, 'ya'yan mishan ɗin Garkida na 1923. Su ma nutsarwa suke yi, amma a durƙushe, fuska ta yi gaba, har sau uku. Mu sau ɗaya ne, a kwantar da kai ta baya. Akwai wani ɗan sanda Babure a gidan hayarmu, shi da Baba ba sa gajiya da wannan magana a kan tabarma bayan cin tuwon dare. Baba ya ce baftisma jana'iza ce, Bulus ya faɗa a Romawa sura 6, kuma shi bai taɓa ganin an binne gawa rub da ciki ba, balle a binne ta sau uku. Ɗan sandan ya ce Almasihu a kan gicciye gaba ya sunkuyar da kansa ya mutu, kuma sunaye uku ake ambata, don me za a yi musu rowar ruwa? Wani malamin allo maƙwabcinmu, mai sayar da turare, yakan zauna yana jin su yana kaɗa kai. Ranar nan ya ce, "Ashe ku ma kuna da naku saki da ƙabalun." Aka kwashe da dariya, domin a shekarun nan ba abin da ke tayar da jijiyar wuya a masallatai kamar sakin hannu da kama shi a salla.

Ni na shiga ajin baftisma a ƙarshen shekarun 1980. Kowace Asabar da yamma wani dattijon ikilisiya yake koyar da mu Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji da ma'anar tuba, watanni ana abu ɗaya. Daga nan a gurfanar da kai gaban dattawa. Yaushe ka karɓi Yesu? Kana shan burkutu? Akwai yarinyar da kake tsayawa da ita a duhu? Sannan a karanta sunaye a sujada, a ce duk wanda ya san wani abu game da waɗannan ya ga fasto. Uwa takan zauna zuciyarta na dukan uku-uku har a wuce sunan ɗanta.

A ajinmu akwai wani tsoho mai gadi da ya riga mu shiga da shekaru masu yawa. Duk amsar da ta gagare mu yana da ita a ka, wani lokaci ma shi ke tuna wa malamin inda aka tsaya. Matansa biyu, ya aure su tun kafin ya zama mai bi, kuma dokar ita ce sai ya sallami ɗaya. Na ji shi da kunnena yana tambayar dattijon, ba da faɗa ba, "Malam, wacce zan kora? Uwar manyan 'ya'yana, ko wadda ta yi jinyar tsohuwata har ta cika?" Ba a ba shi amsa ba. Wannan ƙulli ba a Bauchi aka ƙulla shi ba. Bishop-bishop na Angalikan sun yanke irin wannan hukunci a taron Lambeth na 1888, sai a 1988 suka sassauta da sharuɗɗa. Mu dai muka gama aji muka bar shi a kan bencinsa.

Ranar baftismar kuwa biki ce. Daga ƙofar majami'a aka jera, 'yan Birged a gaba da gangunansu, Zumuntar Mata a baya cikin anko, suna buga tulu da kacau-kacau, mu a tsakiya sanye da fararen kaya, ba takalmi. Wani dattijo ya fara shiga da sanda yana auna zurfi yana taɓa ƙasa, saboda fasassun kwalabe. Fasto ya bi shi da tsohuwar kwat ɗinsa. Da aka kira sunana na taka, sanyin ruwan ya harbe ni har haƙori, yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafata. Ya tambaye ni ko na ba da gaskiya, na amsa, ya ce in kama hancina, sai kawai na ga sama ta juya. Na taso ina tari, mata suka ɗauki waƙa, Mama ta rangaɗa guɗa daga bakin gaɓa. A ɗaya gefen rafin masu lambu ne da masu wanki, Musulmi, sun dakata suna kallo. Wani tsoho a cikinsu ya daka wa yaransa tsawa da suka fara ihu, ya ce mutane ibada suke yi. Da yamma muka ci Jibin Ubangiji karo na farko, aka ba kowa katinsa.

Duk gardamar ruwa wasa ce a wurina sai da Yaya ya kawo mata.

'Yar Katolika ce, Ba'ankwiya, iyayenta mutanen Shendam, inda limaman SMA suka kafa mishan tun 1907. Kakanta a hannunsu ya yi baftisma, ita kuma an kai ta gaban Fada tana cikin zanen goyo. Ubanta ma'aikacin reluwe ne, ba ya fashin Mas. Yarinya ce mai addu'a fiye da mu duka, na faɗa ba don ta zama tamu ba. An ɗaura auren a majami'armu bisa fahimtar cewa za ta shiga aji daga baya. Ita ta ɗauka ajin koyon ɗabi'un ikilisiya ne. Da ta gane ruwa ake nufi, ta ce ba da ita ba.

Dattawa biyu suka zo gida wata Lahadi da la'asar. Ni na shimfiɗa musu tabarma na kawo ruwa, na kuma maƙale a bakin ƙofa. Ta durƙusa ta gaishe su, ta zauna a ƙasa kanta a sunkuye.

Babban cikinsu ya ce, "'Yata, ba wanda ya ce ke ba mai bi ba ce. Amma ranar da aka zuba miki ruwan nan, kin san an yi? Wa ya amsa tambayoyin?"

Ta ce, "Iyayena ne, Baba, da uwar baftismata."

Ya ce, "To kin gani. Wani ba ya ci wa wani tuwo ya ƙoshi. Bangaskiya ce a gaba, ruwa ya biyo baya."

Ta yi shiru har na zaci ta sallama. Can ta ce, "Baba, ku gafarce ni. Ranar da aka raɗa mini suna ma ban sani ba, ga shi kuwa ina amsawa har yau. In na shiga ruwan nan, me na ce game da shekarun da na yi ina karɓar jibi? Na ce ubana arniya ya rena ke nan."

Dattijon bai yi fushi ba. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya bi da ita wuraren da muka haddace a aji: Yesu da kansa babba ne lokacin da ya je wurin Yohanna a Kogin Urdun, Filibus da baban nan na Habasha sauka suka yi cikin ruwa, a Ayyukan Manzanni sura 8, ko'ina aka ambaci baftisma, wa'azi da tuba sun riga ta. Da maganar ta kai kunnen ubanta, shi ma ya zo da nasa ayoyin ya zauna da Baba. Mai tsaron kurkuku na Filibi da Lidiya, a sura 16, da dukan mutanen gidansu aka yi musu, gidan wa aka taɓa gani ba yara? 'Ya'yan Ibrahim suna kwana 8 ake yi musu kaciya su shiga alkawari, ba a jira su yi wayo. Mutum wajen 3,000 da aka yi wa baftisma a Urushalima ranar Fentikos, a wane kogi aka nutsar da su? Baba ya ce birnin cike yake da tafkunan wanka. Suka sha kunu, suka yi sallama da mutunci, ba wanda ya gusa ko taƙi.

Abin da ba a lura da shi ba sai daga baya, ita ce ta zauna a tsakiya ba tsuntsu ba tarko. A wurinmu ba ta cin jibi don ba ta shiga ruwa ba. A wurin Fada ma ba ta karɓa, domin ba a gabansa aka ɗaura auren ba, ba a kuma nemi izininsa ba. Duk Lahadin Jibin Ubangiji, in aka sallami waɗanda ba su yi baftisma ba, sai ta tashi ta fita tare da yara da baƙi da tsohon nan mai gadi. Matar da ta share majami'ar ranar Asabar, ta kuma wanke ƙananan kofunan da za a sha da su.

A watan Afrilun 1991 rikicin da ya tashi a Tafawa Ɓalewa ya faɗo cikin Bauchi, aka yi asarar rayuka, aka ƙona gidaje da wuraren ibada. Mun kwana a bariki a kan siminti ɗaya da 'yan Fada da 'yan EYN da kowa da kowa. Na zaci bayan wannan ba wanda zai sake tayar da zancen yawan ruwa. Ƙura na lafawa aka ci gaba daga inda aka tsaya. Abin da ya canza shi ne rafin: dattawa suka ga jerin gwano da ganguna a bayan gari ba hikima ba ne, aka gina kwami na siminti mai matakala a harabar majami'a, tankar ruwa ke cika shi. Ɗaliban jami'ar ATBU kuma suka shigo da sabuwar tambaya daga ƙungiyoyin Fentikostal, wai bayan ta ruwa ka sami ta Ruhu? Mu da muke auna baftismar wasu, sai ga yara suna auna tamu.

Na girma na karanta abin da ya sawwaƙa na tarihin ikilisiya, kuma bai ba kowane ɓangare abin da yake so duka ba. Wani ɗan littafi da ake kira Didake, wanda masana ke kai shi wajen ƙarshen ƙarni na 1, ya fifita ruwa mai gudu, amma ya yarda a zuba a ka sau uku in ruwan ya yi ƙaranci. Mai nutsarwa zai sami hujja a ciki, mai zubawa ma haka. Littafin addu'ar Angalikan na 1662 cewa ya yi a tsoma jariri, sai in ba shi da ƙarfi a zuba masa. Mu masu sake baftisma kuma an taɓa kashe mu a kanta: a Janairun 1527 hukumar birnin Zurik ta ɗaure Felix Manz ta jefa shi Kogin Limmat saboda yana yi wa manya baftisma bayan an yi musu suna jarirai. A 1982 malaman ikilisiyoyi da dama suka taru a Lima ta ƙasar Peru, suka roƙi kowa ya guji duk abin da zai yi kama da maimaita baftisma. Takardar da suka fitar ba ta iso Yelwa ba.

Ni har gobe nutsarwa nake so, 'ya'yana ma sai da suka yi hankali suka shiga ruwa da ƙafarsu. Mutum ya tsaya gaban jama'a ya amsa da bakinsa abu ne mai nauyi, wanda aka yi wa yana barci a hannun uwa bai san daɗinsa ba. Amma zaɓar wa ɗanka hanya daban ne da duban baligar mace mai tsoron Allah ka ce mata abin da aka yi mata ba komai ba ne. Dattawanmu ba mugaye ba ne, abin da suka karɓa suka riƙe da gaskiya. Sai dai kuɗin riƙon nan ba daga aljihunsu ya fita ba.

A bazarar 1996 annobar sanƙarau ta ratsa Arewa, Bauchi na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Ɗan Yaya na biyu, bai kai shekara ba, ya kamu. Yaya yana wurin aiki a Gombe, ni ke kai abinci asibiti in kwana a baranda. Wani dare matar Yaya ta leƙo ta kira ni da hannu. Yaron ya sandare, wuyansa ya ƙage, idanu sun kafe, ma'aikaciyar jinya ta yi abin da za ta iya ta koma kan wasu, gadaje har ƙasa. Ta miƙo mini kofin roba ta ce, "Auta, ɗebo mini ruwa mai kyau." Na zaci sha za ta ba shi. Ta tallafo kansa, ta kira sunansa, ta zuba ruwan a goshinsa sau uku, tana ambatar Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki, muryarta ko rawa ba ta yi. Ta goge masa fuska da bakin zanenta ta ce, "Kai ne shaida." A koyarwar Katolika, in rai yana hannun Allah kuma ba Fada a kusa, kowa yana iya yin baftisma, mace ko namiji. Ni da aka koya wa cewa wannan ba baftisma ba ce, na ce amin.

Yaron ya tashi, sai dai kunnensa ɗaya ya tafi. Ita da kanta ta gaya wa Yaya abin da ta yi. Ya yi kwanaki yana cin abinci ba magana, Mama ce ta kashe wutar, ta ce, "Kai da kake Gombe, da ya mutu me za ka ba ta ta riƙe?"

A shekarar ce aka yanke Bauchi daga ƙarƙashin Jos a tsarin Katolika, aka naɗa John Moore, ɗan ƙasar Ailan, bishop. Ba da daɗewa ba matar ta roƙi Yaya su je a gyara aurensu gaban Fada don ta koma karɓar jibi. Ya ja ƙafa, ya ja ƙafa, ya dai je, yana shirye da amsar da zai bayar in aka ce sai an zuba masa ruwa. Fada ya karɓi katin baftismarsa ya duba, ya tambaye shi da ruwa aka yi, da sunaye uku aka yi, ya ce e. Fada ya mayar masa da katin ya ce shi ke nan, baftisma ba a yin ta sau biyu. Yaya ya dawo gida ya zauna a kan dakali ya ce mini, "Ka ga, su sun karɓi tawa." Bai ƙara ko kalma ba, amma tun daga ranar bai sake yi mata zancen aji ba. Takan je Mas na asuba a St. John, ta dawo ta ɗaura ɗankwalinta ta bi mu sujadar Hausa.

Yaron ya tashi a ikilisiyar ubansa. Da ya zama saurayi ya shiga aji don kansa, ba wanda ya tura shi, uwar kuma ba ta hana ba, ita ma ta ɗinka masa farar rigar. Aka nutsar da shi a kwamin siminti, da ruwan tanka mai warin magani. Da rana aka dafa shinkafa da kaji, maƙwabta suka cika tsakar gida. Yaya yana ta fara'a, ya ɗaga murya ya ce, "Yau ɗana ya yi baftisma."

Tana zuba miya ba ta ko ɗago ba ta ce, "Maigida, ɗanka ya yi baftisma tun yana goye. Ga Auta nan, tambaye shi."

Yaya ya ce, "Shaidar Auta ba ta shiga littafin ikilisiya ba."

Ta ce, "Ta shiga na Fada."

Sai ranar Yaya ya san cewa bayan an sallame su daga asibiti ta kai rahoto, kamar yadda dokarsu ta ce a yi, kuma sunan ɗansa yana cikin rajistar Katolika tun 1996, da sa hannuna a gefe.